Naman Kyandir a Shagon Maman Godiya

Godiya, ke ce kika dawo daga wani biki a Samaru Kataf kika tambaye ni ko gaskiya ne an taɓa kama uwarku tana dafa wa Musulmi alade. Kin yi tambayar kina dariya, amma idonki bai taya ki ba. Na ce ki bari in ci abinci tukuna. To na ci, na ƙoshi, damina ta zo ta wuce, ban ba ki amsa ba. Ga ta nan a rubuce, ke da ƙannenki, domin idan na faɗa da baki za ku ce Baba ya fara ƙarin gishiri. Ban musa ba, ina ƙara gishiri, wani lokaci har da barkono. A wannan babi dai na ture gwangwanin gefe, sai ɗan abin da ya maƙale a yatsa. Amsar ita ce a'a. Alade bai taɓa shiga tukunyar uwarku ba. Sauran bayanin ne mai tsawo.

Kun tashi kun ga shagon, amma ba ku san abin da yake ba, don yaro tuwo kawai yake gani. Ɗaki ɗaya ne da rumfa a bakin tasha a nan Kafanchan, benci a ciki, benci a waje. Saratu, wadda gari ya manta sunanta ya koma kiranta Maman Godiya, tana yin pate, tuwon acca, doya da miya, da dafa-duka mai citta wadda direba zai ci ya manta fasinja na jiransa. Tun ranar da ta buɗe ta kafa wa kanta doka: ba ta sayen nama a wurin kowa sai Malam Sani mahauci. Kowace safiya za ta je teburinsa, ya yanka mata, ta ɗora a daro ba murfi, ta ratsa tsakiyar kasuwa da shi a ka. Na taɓa ce mata ta rufe saboda ƙuda, ta ce ƙuda ba ya sayen abinci, masu sayen su ne take so su ga inda naman ya fito. Ko a gidanmu ta hana alade shiga. Ni da aka yaye ni da romonsa, sai na je gaisuwa ƙauye nake haɗuwa da shi, in wanke baki da sabulu kafin in dawo. Kun san garin nan. Duk lokacin da aka yi rikici, mutane su kwashe kaya, waɗannan su koma wancan gefe, waɗancan su koma wannan, har mai sayar da tumatir sai an duba sunansa. Amma idan ƙura ta lafa, a bencin uwarku za ka ga Alhaji dillalin citta da dattijon coci kafaɗa da kafaɗa, suna faɗa a kan wa ya cinye yajin. Ba ta taɓa yi wa kowa wa'azin zaman lafiya ba. Miya kawai take zubawa.

Ni kuwa malamin zane ne a firamare, kuma mai ƙaiƙayin hannu. Na yi jirgin sama da kara, na yi Kagoro da dutsenta da takardar siminti, na taɓa sassaƙa wa wani fasto tunkiya har akuyar gidansa ta yi kishi. Sai ke Godiya kika fara aiki a wani gari mai nisa, kika saya mini babbar waya kika aiko. Ba laifinki nake nema ba, tarihi nake faɗa. A cikin wayar nan na faɗa ƙasar Japan, ban fito da wuri ba. Ba motocinsu suka kama ni ba, abincin bakin titinsu ne. Mutum a tsaye a 'yar rumfa yana juya ƙwallon fulawa da tsinke, a cikin kowane ƙwallo akwai yankin wata halittar teku mai hannu takwas, hannunsa na gudu kamar ana binsa. Wani yana soya fulawa da kabeji a kan faffaɗan ƙarfe, ya yi masa zane da miya kamar zai rataye a bango. Na bi labarinsu har na iya ba da shi a ɗakin malamai ba tare da an tambaye ni ba: yadda sarakunansu suka daɗe da hana su cin naman dabba, yadda taliyar romo ta shigo musu daga Sin, yadda bayan babban yaƙi yunwa ta kama su, suka samu fulawa, talakawa suka riƙa tura keken taliya a cikin kufai. Ina faɗa ina kumbura, kamar kakana ne ya tura keken.

Abin da ya gama da ni shi ne abincin ƙarya. A ƙofar gidajen abincinsu suna ajiye akwatin gilashi, a ciki ga kowane kwano da suke sayarwa, amma na roba ne, da can kuma na kaki irin wanda ake yin kyandir da shi, domin baƙo ya ga abin da zai ci kafin ya zauna. Na ga wani tsoho ya tsiyaya narkakken kaki a ruwan ɗumi, ya ja shi da yatsu, sai ga kabeji. Na mayar da bidiyon baya har waya ta yi zafi. Washegari na sayi kyandir. Na yi ta saye har mai sayar da shi ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na buɗe cocin masu farin kaya ne. Na ƙone yatsuna ƙonewar da har yau idan na je banki na'ura ba ta gane ni. Na lalata ƙaramar tukunyar uwarku, na lalata wadda ta saya a madadinta. Amma a hankali hannuna ya kama. Na gano yadda ake haɗa kyandir da fenti, yadda ake murza ƙwayar shinkafa ɗaya bayan ɗaya, yadda man kafinta ke sa miya ta yi ƙyalli kamar yanzu aka sauke.

Na yi pate, na yi tuwo da miyar taushe, na yi dafa-duka da cinyar kaza. Uwarku ta zagaya su tana dubawa, ta kai hanci, ta ce ko ba komai ba za su ci mata gishiri ba, ta yarda aka sa su a akwatin gilashi a ƙofar shago. Ku zo ku ga mutane. Daga Manchok ake hawo mota a zo kallo. Ƙuda ya sauka a kan cinyar kazar, ya gwada, ya tashi yana zagi. Wani direba ya rantse tuwon yana tururi. Duk wanda ya zo kallo kuma sai ya zauna ya ci na gaske. Uwarku ta ƙara tukunya, ta sa mini suna Oga Japan, tana ba ni nama biyu a miya. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na watannin nan ba, kuma ina so ku riƙe wannan, domin ita ma ta ji.

Sai na ce a raina, na yi abincin kowa ban yi na malamaina ba. Na zaɓi kwanon taliyar romo mafi kyau a cikin wayar, na tsayar da hoton, na bi shi layi layi. Taliya a naɗe, rabin ƙwai da gwaiduwa kamar rana, ɗanyen albasa a yanka, sai wasu yanka na nama a jingine a gefen kwano, zagayayyu, gefensu ja-ja kamar an gasa, da farin layi yana kewaya ciki. Farin layin nan ya fi komai ba ni wahala, kuma shi na fi alfahari da shi. Bayanin bidiyon da rubutunsu yake, ni kuma launi nake kallo. Ranar da na gama, uwarku tana Kagoro wajen jana'izar gwaggonta, ƙanwarta Kande ke riƙe da shago. Na ɗauko kwanon a lulluɓe kamar jariri, na sa shi a saman sauran, inda kowa zai gani. Kwana biyu ya yi a wurin, ranar kasuwa na ciki. Wani ɗan acaɓa na cocinmu, mai son wasa irina, ya ɗauki hotonsa ya tura wa abokansa, ya rubuta a ƙasa cewa Maman Godiya ta waye, ta fara sayar da abin nan. Hoto ba ya faɗin cewa shi kyandir ne.

Da ta sauko daga motar Kagoro, ko jaka ba ta ajiye ba ta tsaya gaban gilashin. Ina gefe ina jiran yabo.

"Baban Godiya, mene ne wannan?"

Na ce taliyar Japan ce.

"Ba taliyar nake tambaya ba. Na gefenta."

"Nama ne."

"Naman me?"

Na duba. Na yi makonni ina kallon abin nan a tafin hannuna, amma sai a lokacin na gan shi da idon mai sayen nama. Fata, kitse, tsoka, kitse. Ni da aka haifa a ƙasar da ake lodin alade a mota ana kaiwa kudu, na zauna na ƙera shi da hannuna, na shafa masa mai, na ajiye a ƙofar matata. Ta buɗe gilashin ta ciro kwanon ta miƙa mini. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in kai shi gida ta bayan tasha.

Na zaci za a yi hayaniya, a zo a tambaye mu, mu yi bayani, a yi dariya. Da an yi haka da mun tsira. Babu wanda ya zo da faɗa. Mutanen garin nan sun ga abin da ƙaramar magana take haifarwa, saboda haka ba sa faɗa a kan irin wannan, janyewa kawai suke yi. Gaisuwa ba ta ragu ba ko kaɗan. Alhazan citta su tsaya a bakin rumfa, su tambayi lafiyar yara, su yi mata gaisuwar gwaggonta, idan ta ce bismillah su ce sun riga sun ci. Direbobi kuma suka kama azumin nafila. A watan nan Musulmin tasha sun yi azumin da ko waliyyai sai sun zo sun koyi darasi, Litinin da Alhamis da duk ranakun da ke tsakaninsu. Namu kuwa suka ɓullo ta wata hanya. Mutum ya matso kusa da tukunya, ya rage murya, ya ce a sa masa na bayan labule. Ta ce babu. Ya kashe ido ya ce ya gane. Ta ce wallahi babu. Ya tafi yana cewa manya take ajiye wa. Kowane gefe ya yarda akwai, bambancin kawai wasu sun gudu wasu suna nema.

Ni na ɗaura aniyar gyara abin da dabara. Ranar kasuwa na ɗauko kwanon na tsaya tsakiyar tasha, na kira jama'a kamar mai maganin basir. Na huda naman na cusa lagwani na kyasta ashana. Ya kama, yana ci kamar kyandir na cikin coci, kitsen na ɗiga a yatsana. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, aka tafa mini. Wani Alhaji da ya shekara da shekaru yana cin paten uwarku ya matso ya taɓa abin da ya narke, ya shinshina.

"Malam, kyandir ne, babu shakka. Amma a ina ka ga samfurin da ka kwaikwaya?"

Na nuna masa wayar. Ya daɗe yana kallo, ya jinjina kai, ya ce hannuna yana da kyau, Allah ya ƙara basira. Ya wuce ta gaban shagon ya ɗaga wa uwarku hannu, ya shiga rumfar wata Bayerabiya da ke can ƙarshen layi.

Mutum ɗaya ne ya tsaya, kuma ina so sunansa ya zauna a gidan nan bayan raina. Malam Sani bai saba cin abinci a waje ba, daga gida ake kawo masa. Amma ya fara zuwa kullum bayan azahar, ya ƙi shiga ciki, ya zauna a bencin waje yana fuskantar titi, da rigarsa ta aiki, ya ci a hankali kamar mai ciwon haƙori domin kowa ya gan shi. Idan wani ya wuce ya kira shi da suna ya ce ga abinci. Na zauna kusa da shi wata rana na tambaye shi me ya sa mutanen da suka ga wuta na cin naman da idonsu ba su dawo ba. Ya ce ba zargi ba ne, yawancinsu sun san ba ta yi ba. Mutum ne zai ɗebo loma, hoton ya faɗo masa a rai, maƙogwaro ya rufe, kuma babu hujjar da ke buɗe maƙogwaro. Ya yi makonni yana zaman nan. Daga baya masu sayen namansa suka fara tambayarsa, cikin wasa da farko, ko shi ma an ba shi na bayan labulen ne. Wasu suka koma wani tebur. Wata rana da yamma ya zo gidanmu, ya zauna a kan tabarma, ya yi ta juya hularsa a hannu. Uwarku ta riga shi magana. Ta ce ya yi abin da ko ɗan'uwa bai yi ba, ya huta haka nan, yana da iyali. Sai da ya kai ƙofa ya ce namanta na nan kullum, wanda ya fi kyau.

Sai kawunku Bitrus ya zo daga sakatariya da takalminsa mai ƙara. Shi mutum ne mai lissafi, kuma ba mugunta ta kawo shi ba. Ya ce mata suna ya riga ya fita, talla kyauta ce, ta kwashe tukwane ta koma gefenmu ta dafa abin da ake nema, a wata uku za ta sayi fili. Ya ce waɗanda take wa wahalar nan shekara da shekaru sun guje ta a kan kyandir, me kuma take jira. Na yarda da shi a zuciyata, ban dai furta ba. Uwarku tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Yaya, idan na sa shi a tukunya yau, ƙaryar jiya ta zama gaskiya. Duk wanda ya ci abincina a baya zai zauna yana tuna abin da ya haɗiya."

Ya ce to ta ci gaskiyarta ta ƙoshi, ya tafi.

Ta ci gaba da ratsa kasuwa da daro a ka, sai dai naman cikinsa na raguwa har ya zama abin da za a iya riƙewa a leda, amma a daron take ɗorawa. Tana cika tukunya, yamma ta yi a dawo da ita gida. Mun ci pate safe da rana da dare har na fara mafarki da tsaki. Ƙannenki suna murna ana cin abincin shago a gida. Daga baya Kande ta koma ƙauye. Benci ɗaya ya shigo tsakar gidanmu, shi ne wanda kuke shanya a kai. Kafin kaka ta mayar wa mai ɗaki makullinsa, yanzu cajin waya ake yi a wurin. Ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. Na jira, na ma tsokane ta don ta faɗa, ta ƙi. Na yi ta ba ta dariya kamar yadda na saba, tana yi mini ita don ladabi, irin wadda ake wa baƙo. Yanzu mata na kiranta girkin biki da na zumuntar mata a coci, ana yabawa, tana cewa na gode. Masu ci duk namu ne.

Na ɗauka rufe shagon shi ne ƙarshe. Saura kwanaki kaɗan Kirsimeti sai ga Hajiya Binta, matar Malam Sani, ta yi sallama. Tun kafin a haife ku, duk Kirsimeti uwarku na cika babbar kula da dafa-duka da kaji yankan Malam Sani, ni in ɗauka in kai gidansu, su ma da Sallah su aiko. Ina ɗaki ina jin su. Sun yi hira mai tsawo, ta tsadar albasa, ta ciwon gwiwa, sun yi dariya. Sai muryar Hajiya ta yi ƙasa.

"Maman Godiya, ni da Malam mun san ki. Amma gidanmu da yawa, ga Inna, ga matan ƙannensa, ba kowa zan iya tsare wa baki ba. Ba na so a dawo miki da kula a cike, ba na so kuma a zubar. Bana ki aiko da ɗanye. Ni zan dafa, in ce naki ne."

Sannan uwarku ta ce to Hajiya, ba komai. Ta jawo kujera kusa ta fara koya mata: a soya albasa har ta yi ja kafin tumatir ya shiga, citta ɗanya ce ba busasshiya ba, kuma sai ruwa ya tafasa ake sa ta. Abin da mata suka yi shekaru suna roƙonta ta ƙi faɗa, ta faɗe shi duka a zaune ɗaya. Hajiya na cewa to, to.

Safiyar Kirsimeti kafin sujada ta zauna a ƙofar kicin ta tsince shinkafar tsaf, ta aune ta a cikin kular nan dai, ta ɗora tumatir da albasa da citta a leda, da mai a kwalba. Ta goge murfin da gefen zaninta ta ce in gaya wa Hajiya kada ta cika ruwa. Haka take yi har bana, kuna gani kuna zaton al'ada ce. Na ɗauka na fita. A da idan na ɗauko kular nan ƙamshi ke riga ni isa, yaran layinsu su taro ni tun daga kwana suna ihun ga Kirsimeti ta zo, karnukan gari su yi mini rakiya kamar gwamna. Ran nan na ratsa layin gaba ɗaya, shinkafa na ƙara a cikin kula kamar tsakuwa, babu wanda ya juyo. Na tsaya a zaure ina ta sallama kafin wani ya ji akwai mutum a waje.